Cajar Batir Ɗina da Wayar da ke Bayan Masallaci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Lajnar Masallacin Unguwarmu, Gadarif, da sauran dattawan lajna, wato kwamitin masallaci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina neman afuwa da na kafe wannan takarda a ƙofar masallaci. Alhaji, na zo gidanka na sha shayinka, ka ce za a duba. Na koma, ka ce ana nan ana dubawa. Tunda a gaban jama'a aka yanke mini hukunci, bari ni ma in faɗi tawa a gabansu.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Haruna, mai tsohuwar farar motar nan da ke raɓe da katangar masallaci. Ita ta fito da mu daga Madani shekarar da yaƙi ya tashe mu, kuma ita kaɗai ce dukiyar da ta biyo mu. Mahaifiyata, Hajja Maryama, tana fama da ciwon ƙoda, sau biyu a mako nake kai ta wankin ƙoda da sassafe. In ta makara an ɗora wani a kan injin, sai ta jira zagaye na gaba. Jijjigar raksha, keke mai ƙafa uku, kuwa jikinta ba ya ɗauka.

Batirin motar ya tsufa, ban ɓoye wa kowa ba. Mai ya yi tsada, motar ba ta fita sai wannan 'yar gajeruwar tafiya, injin ba ya samun sukunin mayar wa batir abin da ya ci wajen tashi. In ta ɗan kwana biyu a tsaye, ka murɗa makulli sai ka ji ƙas-ƙas, shi ke nan. Abin da ke riƙe da shi wata 'yar caja ce da ba ta fi tafin hannu ba, mai ɗura masa wuta kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ba marar lafiya kunu da cokali. Ba ta mayar da tsohon batir sabo, amma tana hana shi mutuwa. Wutar gari kun san halinta. Shi ya sa da aka sa sola a masallaci, kai da bakinka ka ba ni izini in zura igiya ta tagar ɗakin ladan, daga hantsi zuwa la'asar. Yanzu lajna ta janye izinin, kuma akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai.

Na ɗaya, dalilin da aka bayar. An ce cajata ce ke shanye batiran masallaci, har lasifika take ɗaukewa ana tsakiyar sallar asuba. Ni da rana tsaka nake jonawa, lokacin da wuta ta yi yawa har ba a san yadda za a yi da ita ba, kafin la'asar na naɗe igiyata. To an hana ni, na bari. Ran Juma'ar da ta wuce lasifika ta sake ɗaukewa a raka'a ta biyu, duk wanda ya yi sallah a nan shaida ne. Cajata tana cikin akwatin Hajja a lokacin. Wa ke shan wutar yanzu?

Na biyu, lokacin da abin ya soma. Wata da watanni ina jona cajar nan, ba wanda ya ce uffan. Sai a makon da ɗan 'yar'uwar ma'ajin lajna ya buɗe shagon cajin batir a bayan masallaci na fara tarar da an zare mini fulogi. Ba fizge shi ake yi ba. Zarewa ake yi a natse, a naɗe igiyar tsaf, a ajiye a kan taga, aikin babban mutum mai hankalinsa. Wanda aka aiko ya gaya mini hukuncin lajna kuwa, bai gama rufe baki ba ya kwatanta mini shagon, har da cewa za a yi mini sauƙi. Ban tambaye shi ba.

Na uku, don kada a ce ƙyashi nake yi wa mai neman halak ɗinsa, na kai batirin shagon sau ɗaya. An ɗora shi a kan babbar caja mai gaggawa, irin ta batiran tarakta da ake kawowa daga gonakin Simsim. Na karɓe shi da zafi, ba ya taɓuwa, ruwansa ya ja baya, gefensa ya soma kumbura. Tun ban buɗe baki ba, ga sabon batir an ajiye a kan tebur ana yaba mini shi. Da ina da halin sabo, ai da ban tsaya ina lallaɓa tsoho ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna. Akwai wata baƙar waya mai kauri da ta fito daga ɗakin batiran masallaci, ta bi gindin katangar baya, an rufe ta da ƙasa da ɓaraguzan bulo. Bara babu ita. Ban ce na san inda ta nufa ba, domin ban tona ba. Amma lajnar da idonta ya hango siririyar igiyata a taga, ina mamakin yadda wannan ta sha mata kai.

Alhaji, ka tuna safiyar da motar ta ƙi tashi. Masu fitowa daga sallah suka taru suka tura, kai ma ka tattare jallabiya ka sa hannu, Allah ya saka maka. Ka ga Hajja a kujerar baya, ka gaishe ta. Ran nan motar ta tashi. Abin da ba ka sani ba shi ne, tafiyar da ta biyo baya mun tura har bakin titi ba ta tashi ba, kafin in samo wata motar an ɗora wani a kan injin wankin ƙodar. Kwanakin da suka biyo baya, ƙafafun Hajja suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a zaune take barci saboda numfashi. Ina kallonta ba abin da zan iya, kuma wallahi raina ya ɓaci da ku.

Yanzu rani ne, ƙasa a bushe, ana iya turawa. Kun fi ni sanin baƙar lakar Gadarif. Ranar da ruwa ya sauka a lungun nan, ko duk sahun farko ne suka fito ba za su gusar da motar taku ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙon lajna abu uku. A mayar mini da izinin jona cajata da rana, in ana shakka a kira mai gyaran sola daga wata unguwa ya auna abin da take ci a gaban kowa. A tona baƙar wayar nan bayan sallar Juma'a, a bi ta har ƙarshenta jama'a na kallo. In ta kai mu wurin alheri, zan tsaya a inda na kafe takardar nan in nemi gafarar ma'aji da ɗan 'yar'uwarsa. In kuma duka biyun sun gagara, to lajna ta faɗa mini wanda zai goya Hajja ya ratsa laka da ita zuwa titi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba lajna ikon riƙe amanar ɗakinsa, ya kuma tsare iyayenku daga ciwon da sai an jira inji. Hajja ta ce in gaishe ka. Jiya da la'asar ita ta fara hango hadari ta gabas, ta tambaye ni ko motar za ta tashi. Ban ba ta amsa ba, ina jiran taku.

Wassalam.

Naku,
Haruna, maƙwabcin masallaci.