A Bayan Uwais

Asabar, 3 ga Yuni, 2023

An kayar da ni, goma sha huɗu da tara. Shekara shida ina shugabancin ƙungiyarmu ta malaman Tambuwal masu koyarwa a ƙauyukan Kebbe, yau sun ɗauka sun ba Uwais, malamin lissafin makarantarmu, wanda ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarsa. Ni na yi musu alkawarin bin ofis-ofis har a ba mu mota, tunda fetur ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba a makon nan. Shi kuwa da aka ce ya yi magana, cewa kawai ya yi, "In Allah ya so, kowa za shi isa ajinai ran Litinin." Wai wannan ne ya ci zaɓe.

Na yi masa murna a gaban mutane, har da rungumewa. Maiɗakina Suwaiba ta ce tun daga sallamata ta gane an kayar da ni. Ta dama mini fura mai yawan nono, na sha, na ga ashe duniyar ba ta tashi ba.

Lahadi, 4 ga Yuni

Tun safe mutane ke sintiri ƙofar gidan Uwais. Wani na son a dawo da shi makarantar cikin gari, wani na son mota gobe-gobe. Na san wannan zaman. Allah ya ba shi haƙuri, ni dai na yi barcin rana.

Da la'asar ya aiko da tsari. Mutum biyu a babur ɗaya, a haɗa mai, a tafi Litinin a dawo Juma'a, a riƙa karɓa-karɓar tuƙi mako-mako. Ba laifi, gaskiya. Sai da Suwaiba ta karanta mini layin ƙarshe: Malam Nu'umanu da Uwais, mai tuƙi Uwais, kowane mako.

Litinin, 5 ga Yuni

Shekara ashirin da shida ina bin hanyar nan, ban taɓa zama a bayan kowa ba. Yau an ratsa da ni tsakiyar kasuwa a bayan wanda ya kayar da ni, ina rungume da jakar litattafai. Na tabbata da gangan ya bi ta kasuwa. Ban riƙe shi ba, ƙarfen baya na riƙe har yatsuna suka sage, idona a kan hanya, ina jiran ya yi kuskure. Bai yi ba.

Kowa ya isa ajinsa. Na rubuta don gaskiya ce.

Juma'a, 9 ga Yuni

An yi ruwa mai kyau, geron bayan makaranta ya fito. 'Yan aji shida sun haddace abin da na ba su tsaf. Da na dawo na kai wa Suwaiba ƙarar kujerar baya, ta ce, "To mi? Ai manya ka zama baya, direba na gaba." Na yi dariya ba da son raina ba.

Abin da ban faɗa mata ba, a nan zan ajiye shi. Idona na dama ya yi yana, na hagu ma ya fara. Wata takwas ke nan. Rubutun allo daga kaina nake yi, rajistar yara na haddace ta. Ita tana zaton lalaci ne ya sa nake ba ta takardu ta karanta mini. Saura shekara biyu in yi ritaya. In magana ta kai ofis za a iya cire ni daga aji, ni kuwa ban san abin da zan zama ba in ba aji.

Litinin, 19 ga Yuni

Na tsaya kai da fata yau ni zan tuƙa, babur ɗina ne. Uwais ya dube ni, ya hau baya.

Sai ga shi mutumin da ba ya magana ya zama rediyo. "Rami gaba, Malam." "Jakai biyu, hannun hagu." "Ruwa sun ci gefen ga." Na fara jin haushi, na ce masa hanyar nan na san ta tun yana rarrafe. Can wajen shingen 'yan sa-kai ya dafa kafaɗata ya ce, "Igiya, Malam, tsaya." Na taka birki. Igiyar da suke ɗaurewa a tsakar hanya tana nan, taku uku a gabana, daidai wuyana. Wallahi ban gan ta ba.

Na sauka na ce ƙafata ce ta riƙe. Ya ce, "Sannu, Malam," ya karɓi tuƙi.

Laraba, 21 ga Yuni

Na kasa haƙuri, na tare shi a gindin darbejiya bayan an tashi yara. Na ce tun yaushe ka san maganar idona? Ya yi ta wasa da alli a hannunsa, sannan ya ce tun Maris nake sa hannu a layinsa a rajistar malamai, shi kuma sai ya sa nasa a layina don kada a ga gurbi.

Wata uku. Duk lokacin da nake yawo ina gaya wa mutane ba zai iya riƙe ƙungiya ba, yana sane. Kalma ɗaya zai faɗa ranar zaɓe ya gama da ni.

Na ce za ka kai ofis? Ya ce, "Malam, ni aikina in kai ka aji."

Alhamis, 29 ga Yuni

Sallah lafiya. Ragon bana ƙarami ne, na kowa ma haka, amma ya yi mai. Jikoki sun cika gida. Na gaya wa Suwaiba maganar idon. Ta ce ta daɗe da sani, jira take in gaji da ɓoyo, tun ranar da na yaba wa tuwonta ina kallon tulu.

Asabar, 8 ga Yuli

Taron ƙungiya, kuma bai yi daɗi ba. Mota ba ta samu ba, ba kuma za ta samu ba, mutane sun gaji. Ɗangiwa, wanda ya fi kowa yi wa Uwais kamfe, shi ya miƙe ya ce, "Kai ka kafa doka, kai ka fara karya ta. Kowa na karɓa-karɓa ban da kai da tsohon shugaba. Mi anka ƙulla tsakaninku?" Wasu suka ce son kai ne, wasu suka ce tun yanzu ya fara mulkin ni-na-ce.

Uwais ya ce, "Akwai dalili. Ba ni faɗi nai." Aka yi ta hayaniya. Har wani ya ce a sake zaɓe.

Ina zaune ina jin su. Da bakina ya kamata a kashe maganar, amma na tashi na dawo gida. Abincin rana bai shiga ba.

Litinin, 10 ga Yuli

Ya zo ɗaukata kamar kullum, har da tambayar jikoki. Babur uku sun wuce mu a hanya, ba wanda ya ɗaga masa hannu.

Asabar, 15 ga Yuli

Na roƙi a kira taro, na miƙe na faɗa musu. Yanar ido, rajista, igiya, duka. Na ce wanda ya ga dama ya kai ofis.

Sai Ɗangiwa ya ce, "Haba Malam, da ka faɗi tun farko, ai da goyo munka kai ka." Aka fashe da dariya, ni ma na yi, ina share fuska. Ɗangiwa ya je ya ba Uwais hannu. Malama Batula ta ce an yi wa mahaifinta aikin irin wannan yana a Sakkwato, yanzu har allura yake zura wa zare. An tsayar da magana in an yi hutu Uwais zai raka ni asibiti can Sakkwato. Ko ofis za su ji, ko aikin zai yi kyau, Allah ne masani. Amma na ci tuwo malmala biyu.

Har yanzu ina ganin da ni ne da na samo motar nan. Wataƙila.

Litinin, 17 ga Yuli

Sanyin safiya, gero ya kai gwiwa, hanya duk taɓo. Ban san yadda aka yi ba. Na tuna mun bar gari, na tuna ƙamshin ƙasa, sai kawai na ji babur ya tsaya, yara suna "Ina kwana, Malam." Kaina na kan bayan Uwais, hulata a hannunsa, wai ta kusa faɗuwa ya cafe. Ya ce tun daga shinge yake tafiya a hankali don kada in farka.

Na ce masa ba barci nake ba, tunani nake.

Ya ce, "Na sani, Malam. Har da minshari."