Abin da Kawu Ɗantala Ke Zama a Kai

Jibiya, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mutmainna da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nemanka a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta je bikin suna a Farfaru da kanta, ta dawo tana mitar cewa hanyar ta fi ƙafar ciwo. Geron gonar Gangara ma ya yi kyau, alhamdulillahi.

Na'urar jita da ka aiko wa situdiyona ta iso lafiya. Wallahi Yaya, ka iya zaɓe! Abu bai kai faranti girma ba, amma ka danna nan ya kwaikwayi muryar wannan amfilifaya, ka danna can ya kwaikwayi wata, babu ƙugi, kuma batirin sola ma ya ishe shi. Ranar da na gwada ta sai na ji na raina tsohuwar amfilifayar Kawu Ɗantala, wadda yake kira amfili irin na mutanen Maraɗi. Ka san ta ai, mai kwalabe huɗu da ke ja kamar garwashi, sai mutum biyu sun kama, sai an tada janareta, sai an jira ta yi zafi kafin ta ce uffan.

To, a makon nan wata mawaƙiya, Salmatu, ta tsallako daga Maraɗi za ta ɗauki waƙa, kwana uku kawai gare ta. Sharaɗinta ɗaya ne: Kawu zai kaɗa jita, don shi ya yi shekaru yana kaɗa wa marigayi mahaifinta. Ni kuwa da rawar kaina na ajiye masa sabuwar kujera, na jona jitarsa da na'urarka, na maƙala masa abin ji a kunne, na saki kiɗan da na riga na haɗa. Yaya, abin bai yi daɗi ba. Nan ya riga kiɗa, can kiɗa ya bar shi a baya. Na yi ta ce masa ta makirufo ya tsaya, ko a jikinsa, na ɗauka taurin kai ne. Kwana biyu muna abu ɗaya. Na ga Salmatu ta fara duba wayarta. Sai na yanke shawarar in kira wani makaɗi daga Katsina, in gaya wa Kawu hannunsa ya gaji. Mutumin da ya koya mini riƙon jita fa! Ranar ko abinci kasa ci na yi.

Bayan La'asar na je gidansa da maganar a bakina, na tarar bai dawo daga masallaci ba, sai matarsa Inna Fatu tana tankaɗe. Da ta ji abin da ya kawo ni, kai, na sha faɗa. Ta tambaye ni, duk bukukuwan da na bi shi, ko na taɓa ganinsa zaune kan kujera. Ban taɓa ba kuwa, don kullum a kan amfilin yake zama, mu muna cewa tsabar son kayansa ne. Ta ce kunnensa na hagu ya mutu shekara shida ke nan, na dama kuma saura kaɗan. Da jikinsa yake jin abin da yake kaɗawa, ta cinya da ƙashin baya, idonsa kuma yana kan hannun mai kalangu da bakin mai waƙa. Ta ce ni da nake taƙama da kunne na raba shi da duk abin da yake ji da shi, sannan na zo ina cewa ya tsufa.

Washegari da safe muka kinkimo amfilin a baro. Kawu bai tambaye ni dalili ba, ya ce dai ashe na fara hankali. Don in yi wa na'urarka adalci, na fara jona ta da sifika ya zauna a kai. Ya taɓa, ya ce lallai abu ne mai kyau, amma jikinsa bai san ta ba. Tasa in ya matsa tsirkiya kumbura take yi a ƙarƙashinsa, in ya sassauta ta kwanta. Sai muka kunna tasa, na kira mai kalangu ya zauna gabansa, Salmatu ta tsaya inda zai ga bakinta. Sau ɗaya aka ɗauka, Yaya, sau ɗaya tak! Ban taɓa jin jita ta bi murya haka ba, tana shiga daidai inda numfashin mai waƙa ya ƙare. Salmatu da ƙyar ta kai baitin ƙarshe saboda kuka. Akwai ɗan ƙugi a ɗaukar, na bar shi yadda yake. Shekara shida mutum yana kiɗa babu kunne, duk garin nan ba wanda ya gane. Ni dai ban san gwani irinsa ba.

Saboda haka na'urarka ita ke aikin kowa a situdiyo, amma ranar Kawu tsohuwar za a kunna. Kwalabenta biyu sun fara rauni, zan turo maka hotonsu ko za a dace a kasuwar can. Sai abu na biyu, wanda ya fi mini nauyi. Duk wayar da kake masa ranar Juma'a, yana ta cewa to, to, madalla, ba ya jin ko kalma ɗaya. Inna Fatu ce ke tsaye gefensa tana masa alamar inda zai amsa, in an gama ta ba shi labarin abin da ka ce. Kada ka nuna masa ka sani, kada kuma ka daina kira. Amma ka riƙa rubuto masa takarda, idonsa garau yake.

Hajiya tana gaishe ka, haka Ummusalma da Fati. Ka gaida Anti Mutmainna, ka shafa mini kan Sadiq da Khadijatu. Allah ya sada mu da alheri.

Naka ƙane,
Mudathir