Farantin da Ke Ɗauke da Sunana

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Yaya karatun jinya? Yaya ƙafar Baba? Ki gaishe min da Inna.

Kin tambaye ni yadda ƙwayar cuta ke gagarar magani. A ɗakin gwajinmu na asibiti mukan shuka ta a faranti, mu jera mata magunguna. Wanda ya ci ta, sai ki ga fili kewaye da shi. Amma wata takan narkar da maganin, wata ta tofar da shi, wata ta toshe ƙofar da yake shiga. Har koya wa juna dabarar suke yi, kamar ku a ɗakin jarrabawa.

Makon jiya na duba wani faranti, magani bakwai, ɗaya kaɗai ya yi fili. Shugabarmu ta ce, "Malama, karanta sunan mana." Ashe sunana ne. Ɗan ɗinkin da aka yi min a hannu ne ya ƙi warkewa, aka ɗebi ruwansa aka shuka. Yanzu ina kwance a ɗaki ni kaɗai, mai shigowa sai da safar hannu. Maganin nan ɗaya da ya yi fili yana aiki, zazzaɓin ya sauka. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Gwangwanin da Inna take tara ragowar kafso a ciki, tana ba Baba bibbiyu duk sanda ƙafar ta motsa, ki ɗauke shi. Irin wannan shan ne ke sa ƙwayar cuta ta gagari magani. Ki kai Baba a gwada gyambon ƙafar tasa kafin ya sha komai. In ta yi faɗa, ki ce ni na sa ki. Ina so farantinsa ya fi nawa fili.

Allah ya yi miki albarka.

Yayarki