Inna, Baba Ya Sayi Sabon Batir

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ɗiyarki, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki na bakin ruwa. Mu dai muna nan, ruwa ya ja baya bana, kifi kuma sai a hankali.

Inna, albishir nake ɗauke da shi, amma da tsoro a cikinsa. Kin san ni da rubuce-rubuce. Ke kike cewa, “Ke da takarda sai ka ce akuya, kihi na ƙonewa bisa wutar banda kina karatu.” To, akuyar taki ta shiga gasar gajerun labarai ta sababbin marubuta. A waya na rubuta, na tura, na manta. Kwanaki sai ga kira daga wata mata mai sanyin murya, wai labarina yana cikin waɗanda aka zaɓa. Za a buga shi a littafi, a kai mu horo, kuma a karanta shi a rediyo ranar Juma'a mai zuwa. Tana ta taya ni murna, ni kuwa ban ƙara jin komai ba tun daga kalmar rediyo.

Labarinki ne na rubuta, Inna. Na sauya sunaye, na sauya gari, amma ko yaron goye a unguwarmu zai gane jirgin ruwan Baba.

Kin fi ni sanin safiyar nan, ranar kasuwar Wara. Ina tsaye a gaɓa da tukunyar da kika ce in mayar gida, ana ta loda buhunan shinkafa har bakin jirgin ya kusa sumbatar ruwa. Kika dubi Baba kika ce, “Malam, a rage kaya, jirgin ga ya yi nauyi.” Ya yi dariya, ya ce ya ɗauki abin da ya fi haka. Kika gyara lulluɓi kika shiga. Jirgin ya nutse a hanya. Da yamma aka tsamo ki, ke da matar Malam Audu maƙwabcinmu, aka binne ku nan bakin ruwa kamar yadda ake yi wa wanda ruwa ya ci.

Tun daga ranar gari ya tsaya a magana ɗaya: kututture ne a ƙarƙashin ruwa, ƙaddara ce. Ba a ƙara ba, ba a rage ba. Baba ya sayar da injin jirgin, ya koma gyaran taru a ƙofar gida da rediyonsa a gefe. Ni kuma maganarki ta zauna mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, har na zuba ta a labari, ina zaton alƙalan gasa can nesa ne kawai za su gani.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Baba ya ji albishir, bai san abin da ke ciki ba. Inna, rabon da in ga haƙoransa tun kina da rai. Ya sayi sabon batir, ya bi masallaci da majalisa yana shela, ya ce kowa ya zo ƙofar gida ranar Juma'a. Har Malam Audu ya gayyata, wanda har yau yake kawo mana albasa in ya kwashe gona. Ina tsoron a kunna rediyon nan a gabansu. Ina tsoron fuskar Malam Audu. Na fi tsoron ta Baba.

Na ɗauki waya zan ce a janye labarin, na kasa. Sai na ji kamar zan sake barinki ki shiga jirgin ba wanda ya saurare ki.

Jiya da la'asar na durƙusa kusa da shi yana ɗinkin taru. Na ce masa labarin na jirgi ne, jirgin da ya nutse ranar kasuwa. Hannunsa ya tsaya. Ya ajiye tarun. Ya ce, “Kin sa inda innarki tac ce in rage kaya?”

Ashe yana riƙe da ita shi ma, Inna, duk shekarun nan. Na ce na sa. Ya ce, “To.” Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki, na zauna ina jiran ya kore ni ko ya fasa rediyon. Sai ga shi ya fito da babbar tabarma, ya kakkaɓe ta, ya jingine a zaure, ya ce a gaba zai zaunar da Malam Audu.

Ban san yadda Juma'ar nan za ta ƙare mana ba. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ke da abokiyar tafiyarki. Allah ya ba Malam Audu haƙurin ji, ya ba Baba ƙarfin zama har ƙarshen labarin. A wannan karon, Inna, kowa zai ji abin da kika ce.

Ɗiyarki mai kewarki,
Balkisu