Tarkunan Ƙwari a Dajin Wani Tsoho

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da su Nabila kuna lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Mama.

Ni lafiya lau, kada ku damu, abinci ne dai ba ya shiga sosai. Ma'aikatarmu ta ce sai na gama kwas zan dawo Abuja.

A nan Jamus tarkuna muke ratayewa a daji. Muna sa musu ƙamshin da ƙwarin ɓawon itace ke kiran juna da shi, sai su taho su faɗa ciki. Ƙwarin nan in sun yi yawa, kashe bishiyoyi suke yi. Jiya na tarar da tarkunan dajin wani tsoho cike maƙil. Ya ce, "Bishiyoyin za su rayu?" Na ce sai dai a sare su. Ya ce shi da marigayiya matarsa suka dasa su. Yaya, nan na durƙushe na yi kukan da na kasa yi ranar da ka kira ni ka gaya mini rasuwar Mama.

Don Allah ka riƙa leƙa Baba a Nyanya. In ya ce ya ci abinci, ka buɗe kwanon ka gani.

Ƙanwarka,
Rekiya