Ƙafafun Pandiyan

Al-Nasim, Riyad

Maman Hajar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Hajar. Yaya tarin Inna? Ni jikina lau, raina ne babu daɗi.

Kin tuna Pandiyan, maƙwabcina Ba'indiye ɗan ƙabilar Tamil mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki? Yana kwance a asibitinmu, a ɗakin da nake aikin jinya. Duk Juma'a sukan taru a wani fili a Utaiƙa su yi wasansu, kabaddi. Kamar langa ne aka haɗa da kokawa: mutum ɗaya ya kutsa cikin abokan hamayya, ya taɓa wani ya tsere, su kuma su yi masa rubdugu. A nan aka danne shi, ƙashin bayansa ya karye. Likita ya ce daga ƙugu zuwa ƙasa babu sauran labari.

Abin da ya fi ci mini rai, mahaifinsa ne shugaban 'yan wasan ƙauyensu. Shekarun baya ƙauyen maƙwabta suka ƙwace kofin da ke gidansu tun zamanin kakansa, har suka yi wa tsohon waƙar zambo. Ya rantse ba zai sake taka filin bikin girbi ba sai ɗansa ya dawo da kofin. Saboda bikin bana Pandiyan yake ta atisaye.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida Inna.

Mijinki,
Ghali

Al-Nasim, Riyad

Maman Hajar,

Sallama da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a. Na ji daɗi da Inna ta samu sauƙi.

Nan dai babu canji. Kafil ɗin Pandiyan, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar nan, ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce halas, shi ke nan, zai yi masa huruj, wato sallamar da ba dawowa.

Kullum mahaifin Pandiyan yana kira ta bidiyo. Ni nake riƙe wayar, Pandiyan ya roƙe ni kada in nuna komai sai fuskarsa. Ya gaya wa mutanen gidansu targaɗe ne. Jiya tsohon ya zagaya da wayarsa ya nuna mana ƙaton hoton ɗansa da aka kafa a mashigar ƙauye, da rigunan wasa da ƙanwarsa ta ɗinka. Ba na jin yarensu, amma na ga yadda tsohon yake bugun ƙirji yana dariya. Pandiyan ma ya yi dariya. Da aka kashe wayar ya ce in juya shi ya fuskanci bango.

Na ce masa gara ya faɗi gaskiya tun bai sauka ba. Ya ce: "Ghali, bar shi ya ƙara kwana yana mutum."

Ki shafa mini kan Hajar.

Naki,
Ghali

Al-Nasim, Riyad

Maman Hajar,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Yau da hantsi muka kai Pandiyan filin jirgi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Har muka rabu bai gaya wa mutanen gidansu ba. Na gyara masa bargo.

Ina hanyar komawa asibiti ƙanwarsa ta turo mini saƙo da guntun Turancinta, tana tambayar ƙarfe nawa zai sauka. Ta ce babansu ya ɗauko makaɗa, ya sa sabbin kaya, ƙauyen duka za su tare shi a tasha.

Har yanzu ban ba ta amsa ba.

Mijinki,
Ghali