Ɗanyen Icce

Bagudo, daren Laraba

Yau ma ɗiyata Nana ta wuni tana tari. Tun da Alhaji Mamman, maƙwabcinmu, ya fara rushe tsohon gidansa yana gina sabo, ƙura ta hana ta numfashi. Na roƙe shi leburorinsa su riƙa yayyafa ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Maman Nana, ruwa sayen shi nika yi."

Na haɗiye. Amma na ga tagar sabon ɗakinsa, tana kallon tsakar gidana. Ran da ya tare, zan kai Nana Zagga wurin Inna, in jawo murhun bandar kifina ƙarƙashin tagar, in hura da ɗanyen icce. In ya yi magana, in ce busasshe sayen shi nika yi.